Uku da Ɗigo Biyar

Takardar sakamakona shafi ɗaya ce,
amma shekara huɗu ke kwance cikinta.
Daren jiya na shimfiɗa mata ɗankwali, na bi ta da dutsen guga,
don kar ta shiga ofis a yamutse.

Layin farko: biyu da ɗigo ɗaya.
Shekarar da Inna ke wankin ƙoda,
Litinin da Alhamis, daga Bajoga zuwa Gombe.
Ni ce mai ledar magani, ni ce mai bin layin kati.
Na karanta kemistiri a barandar asibiti
da hasken waya mai tsagaggen gilashi,
inji na juya jininta, ina juya shafi,
ba abin da ya zauna.
Ranar jarrabawar fiziks aka yi sadakar uku.
Takarda ba ta faɗi wannan ba.
Cewa ta yi: ta faɗi.

Layi na biyu, uku da ɗigo uku.
Na uku, huɗu da ɗaya.
Na ƙarshe huɗu da rabi,
na ciro shi da garin kwaki da asubar fari,
lokacin da hostel ke minshari.

Sai aka tara, aka raba gida huɗu.
Shekarar kuka ta ci daga kwanon shekarar ƙwazo,
aka miƙo mini saura:
uku da ɗigo biyar.

Ga Mu'azu Dukku a ƙarshen benci,
ya sa rigar Juma'a ranar Talata.
Shi da huɗu da rabi ya fara,
har lakcarori na kiransa Dakta tun yana aji ɗaya.
Fanshon babansa ya maƙale a wani tebur,
ya karɓi Keke Napep na haya,
Tashar Dukku zuwa Tumfure, har sha biyun dare,
yana gyangyaɗi a lakcar ƙarfe takwas.
Huɗu. Uku da biyu. Biyu da uku.
In ka tara, ka raba,
shi ma uku da ɗigo biyar.

Ina hawa, yana gangara,
muka yi kiciɓis a tsakiyar tudu,
ga shi gurbin likitanci bai kai yawan bencin nan ba.

Malam Bappayo akawu, mai biro a bayan kunne,
ya ce, "'Yata, kwantar da hankali,
na ciki ba jimilla kaɗai suke dubawa ba,
suna kallon inda hancin layi ya dosa.
Mai tashi ya fi mai zamewa a idonsu."
Na ji daɗi.
Sai na tuna wa ke zaune kusa da ni.
Shi ya koya mini zagayen Krebs a bayan takardar ƙosai,
shekarar da ba na gane ko sunana.

Mu'azu ya ji. Bai ɗago ba.
Yana ta kankare baƙin mai daga ƙarƙashin farce.

Aka kira ni.
Mutum uku, fanka ɗaya mai ƙara.
Wata farfesa mai furfura a gira
ta ɗora yatsa kan layin farko,
kamar mai neman jijiya a hannun yaro,
ta ce, "Barira, me ya faru a nan?"

Shekara huɗu ina jiran a tambaye ni.
Na buɗe baki, na faɗa, ban yi kuka ba.
Ta rubuta wani abu da ban hango ba.

A bakin ƙofa na juyo.
Na ce, "Ranki ya daɗe, wanda zai shigo bayana,
ki ɗora masa yatsa a layin ƙarshe.
Shi ma ki tambaye shi."

Sunaye sai bayan sati uku, in ji Malam Bappayo.
Mu'azu ya kai ni tasha a kekensa.
Na miƙa kuɗi, ya ƙi karɓa.
Ba mu yi zancen maki ba.